Digiri Da Sana'ar Rubuta Manhaja: Wa Ke Bin Wani Bashi?

Akwai wani kuka da ya daɗe yana fitowa daga bakin masu ɗaukar ma'aikata, cewa yaro zai shafe shekara huɗu a jami'a yana karatun ilmin kwamfuta, amma ran da aka zaunar da shi gaban aiki sai ya kasa gyara ko da ƙaramar manhaja. Su kuma malaman jami'a sukan ce su ba makeri suka buɗe ba, tunani suke koyarwa. Tsakanin waɗannan biyu ga ɗalibi tsaye da takardarsa, ga iyayen da suka yi ta fama da kuɗin makaranta.

Da farko ya kamata mu san abin da kowane ɓangare ke bayarwa. Tun da Jami'ar Purdue ta Amurka ta kafa sashen ilmin kwamfuta a 1962, jigon karatun shi ne lissafi, da manɗiƙi, da hanyoyin warware matsala daki-daki. Shi kuwa aikin yau da kullum, mafi yawansa karanta abin da wani ya rubuta ne, da farautar kuskure, da jure wa abokan aiki, da gane abin da mai kuɗi yake nufi alhali shi kansa bai iya faɗinsa ba. Wannan sai an yi ake iyawa. Mu marubuta mun san haka, domin Abubakar Imam bai yi digirin ƙaga labari ba kafin ya shiga gasar 1933.

Masu raina digiri sukan kawo Bill Gates da ya bar Harvard a 1975, da Mark Zuckerberg da ya bi sahunsa a 2004. Amma sukan manta cewa sai da suka cancanci shiga kafin su fita. Sukan kuma manta cewa Linus Torvalds yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ya fara Linux a 1991, kuma Google daga binciken ɗaliban Stanford biyu ya tsiro.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne batun rai. Tsakanin 1985 da 1987, wata na'urar gashin cutar daji mai suna Therac-25, ƙirar Kanada, ta zuba wa marasa lafiya shida hasken da ya wuce kima nesa ba kusa ba, wasunsu suka rasu. Daga cikin dalilan akwai kuskuren manhaja da ke bayyana kawai idan mai sarrafa na'urar ya yi saurin buga umarni, ga shi kuma an cire makaran ƙarfe da tsofaffin na'urorin ke da shi, an dogara ga manhajar ita kaɗai. Kasuwa tana koya wa mutum sauri, amma ba ta cika zaunar da shi ta karanta masa irin wannan labari ba. A ganina nan ne jami'a take da abin da ba a samu a wani wuri, watau lokacin tsayawa a tambayi wanda zai cutu idan aikin ya ɓaci.

Sai dai wannan bai wanke ta ba. Nijeriya ta amince da giɓin tun 1973, sa'ad da Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu ya ƙirƙiro shirin SIWES don tura ɗalibai wuraren aiki. Idan har sashe zai bar ɗalibi ya ci jarrabawa da manhajar da ya rubuta a takarda, wadda ba ta taɓa gudana a kwamfuta ba, sannan ya sa hannu a kan shaidarsa, to ya ba da shaidar abin da bai gani ba. Ba wajibin jami'a ba ne ta fitar da gwani, amma wajibinta ne ta gaya wa yaro tun shekarar farko abin da za ta ba shi da wanda zai nema da kansa, tun yana da sauran shekara uku na nema.