Faɗuwar Gaba a Ƙasar Gobir: Raunin Imani ko Aikin Jiki?

A Kurawa ta Sabon Birni, ƙarar babur da tsakar dare ta isa ta tada gida gaba ɗaya. A watan Mayun 2020 'yan bindiga sun kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni. A Disambar 2021 aka ƙone fasinjoji cikin mota kusa da Gidan Bawa, a Agustan 2024 kuma Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, ya rasa ransa a hannun masu garkuwa. Daga nan har garin Isa barci ya zama rabi da rabi. Uwa ta ji motsi, gabanta ya yanke ya faɗi, jiki ya ɗauki ɓari. In ta faɗa da safe, sai a ce mata: "Baiwar Allah, ki ƙara tawakkali."

Da kyakkyawar niyya ake wannan nasiha. Sai dai akwai hukunci a ɓoye cikinta, cewa mai imani ba ya firgita, kuma hukuncin bai tsaya da ƙafarsa ba.

Abin da ya faru a jikin matar nan ya riga tunaninta. Kunne na ɗaukar ƙara, jijiyoyi suka sa wasu 'yan tsokoki biyu da ke zaune a kan ƙoda suka saki adiranalin, zuciya ta shiga dukan uku-uku. Can ƙasan ƙwaƙwalwa kuma wani ɗan sashe, haifotalamus, ya aika da sinadarin CRH, wanda Wylie Vale ya gano ƙirarsa a Amurka a 1981. Shi ya zaburar da wani sinadarin, ACTH, wannan ya bi jini ya sa tsokokin kan ƙodar suka zubo kotizol, mai ƙara sukari a jini don ƙafa ta sami ƙarfin gudu. Sinadaran da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da su ne ke riƙe da linzamin: noradiranalin da sirotonin suna ingizawa, GABA yana ja da baya. Rahama ce a ranar hari. Idan kuwa aka shekara biyar linzami a sake, sai hawan jini, rashin barci da saurin fushi su biyo.

Malamai sun san Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Musa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana fita daga Masar cikin tsoro, kuma ba wanda ya taɓa tuhumar tawakkalinsa. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san dalilinsa, da wanda tushensa a jiki yake, har sai an haɗa da magani. Tawakkali yana ga inda zuciya ta dogara bayan firgitar ta zo. Ba ya hana tsokokin kan ƙoda aikin da aka halicce su dominsa.

Illar ruɗa firgita da raunin imani ita ce mai tsoro ya ji kunyar faɗa, ya nufi kemis a ɓoye.

Can zai tarar da baliyam, mai ƙara wa GABA ƙarfi, da kodin da tiramol, masu danne kotizol na ɗan lokaci. Tiramol ma baki biyu gare shi: yana aiki irin na dangin kodin, yana kuma tara sirotonin da noradiranalin, shi ya sa matashi ke jin jikinsa ya mutu amma idonsa ya bushe, wani har ya faɗi yana farfaɗiya. Binciken da gwamnati ta yi da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 a Nijeriya na shan irin waɗannan magunguna na kashe zafi ba bisa ƙa'ida ba, kuma a shekarar ce aka hana shigo da maganin tari mai kodin da haɗa shi. Natsuwar ƙwaya bashi ce: ƙwaƙwalwa tana sabawa, ranar da aka rasa sai CRH da noradiranalin su yi ambaliya, fargabar ta dawo fiye da da, ga zufa ga karkarwa.

A nan ne fiƙihu ke da magana mai nauyi, domin kare hankali na cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo ta tsare, kamar yadda Shaɗibi, malamin Malikiyya, ya shimfiɗa. Ƙwayar da ke lulluɓe hankali ta saɓa wannan. Maganin da likita ya auna don ya dawo da hankali mazauninsa hidima yake yi masa, ko da sunan da ke jikin kwalin ɗaya ne. Wanda ya daɗe yana shan baliyam bai kamata ya yanke rana ɗaya ba, ko da tuba ce ta motsa shi. A hankali ake rage masa, a hannun likita. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, kusa da Sakkwato, amma kafin mutumin Kurawa ya isa can sai ya bi hanyar da ita kanta ke faɗar masa da gaba.