Fili Naka Ne, Unguwa Fa Ta Wane Ce?

Akwai wata magana da akan ji a bakin mai gini duk sa'ad da maƙwabta suka kawo masa kuka. Sai ya ce, "Ai filina ne, da kuɗina na saya, ga kuma takardata." Maganar nan gaskiya ce, ba mai musunta. Amma abin da muke so mu bincika, kai mai karatu, shi ne ko gaskiyar nan ita kaɗai ta isa ta wanke mutum daga alhakin waɗanda ke zaune kewaye da shi.

Bari mu ɗauki misali da abin da kowane mazaunin birnin Kano ya saba gani. Tsohon gidan ƙasa ne a bakin titi, mai shi ya rasu, magada suka sayar suka raba kuɗi. Wani attajiri ya saya, ya rushe, ya ce zai tā da bene mai hawa huɗu, ƙasa kantuna, sama ofisoshi. Tun ba a kai ga aza bulo ba unguwa ta fara ji a jikinta. Tifa ta zo ta juye yashi da tsakuwa a bakin lungu, aka jibge rodi a kan hanya, har ya zama in an yi rasuwa sai an zagaya da makara, in mace na naƙuda sai an tallabo ta zuwa titi, domin mota ba ta iya shiga. Ƙurar siminti ta sauka a kan tuwo da shanya, mai ciwon asma ya kwana zaune. Yashin nan kuwa, da ruwan farko ya sauka, sai ya gangara ya cike lambatu.

Wannan duk wahala ce mai wucewa, in an yi haƙuri shekara ɗaya ko biyu ta ƙare. Wadda ba ta wucewa ita ce wadda ke zuwa bayan an gama. Tagar hawa na uku tana kallon tsakar gidan maƙwabci, matan gidan da dā suke daka da wanki a sake, yanzu sai da lulluɓi a cikin gidansu. Mai bene ya haƙa rijiyar burtsatse mai zurfi, rijiyoyin maƙwabta suka ja baya da rani. Janareta na ruri har tsakar dare. Sa'an nan ya ɗaga daɓen gininsa ya fi na kowa tudu, watau ruwan da dā yake kwantawa a filinsa yanzu ɗakin wani zai nema.

Kada mu yi rashin adalci, ginin nan ya zo da alheri. Birkiloli da kafintoci da leburori sun sami aikin yi. Mai kunu da mai shinkafa da wake sun yi ciniki a bakin aikin. Kantuna sun kawo haske da jama'a a wurin da dā yake duhu. Darajar gidajen unguwa ta tashi. Gari kuma ba ya yiwuwa ya tsaya yadda kakanni suka bar shi, alhali jama'a kullum ƙaruwa suke yi. Amma duba da kyau ka ga inda riba ta nufa da inda hasara ta nufa. Mai gida ya ji daɗin tashin daraja, ɗan haya kuwa ƙarin kuɗin haya ya samu, har wata rana ya kwashe iyalinsa ya koma bayan gari, nesa da sana'arsa da makarantar 'ya'yansa. Ribar bene tana shiga aljihun mutum ɗaya, wani kashi na kuɗin ginin kuwa maƙwabta ne suka biya da barcinsu da lafiyarsu da sirrin gidansu, ba tare da an shawarce su ba.

Mutanen dā sun san wannan matsala. A ƙarni na 14 an yi wani magini a birnin Tunis, ana ce da shi Ibnur Rami, wanda alƙalai kan aika ya dubo rigingimun gini tsakanin maƙwabta. Ya rubuta littafi a kan hukunce-hukuncen gini bisa mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ake bi a ƙasar Hausa. Malaman nan sun yarda mutum ya ɗaga gininsa, amma ba su yarda ya buɗe tagar da za ta leƙa iyalin wani ba, ko ya tura masa hayaƙi ko wari ko ruwa. A garuruwanmu ma haka al'ada take. Magini na ƙwarai ba ya juya indararo ya zuba a gidan maƙwabci, in kuwa gardama ta tashi a kan katanga, ga mai unguwa, ga Sarkin Magina. Ko dokar zamani ba ta bar mai fili sakaka ba, domin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna a kan amana saboda jama'a duka. Takardar da ke hannunka izinin zama ce da amfani.

Ba abin da ya fi ruwa nuna gaskiyar wannan al'amari. Kududdufan birnin Kano gini ne ya haife su, domin daga nan aka haƙi ƙasar da aka yi tubalin gidaje. Da damina su ne ke shanye ruwan unguwa. Da fili ya yi tsada sai aka yi ta cike su ana gini a kai, ruwa kuwa bai san takarda ba, inda ya ga gangare nan yake bi. A watan Agusta na 2022 ruwa ya mamaye kasuwar Kantin Kwari ya ɓata dukiya mai yawa, 'yan kasuwa da dama suka ɗora laifin a kan shagunan da aka gina bisa hanyoyin ruwa. A ƙarshen watan nan kuma wani bene da ake cikin ginawa a titin Beirut ya rufta, aka yi hasarar rayuka. Wanda ya rage siminti ko rodi don ya tsimi kuɗi, da ran mai wucewa yake caca.

Wani zai ce, "To, ai akwai hukumar tsara birane, in ta ba ni izini, ina ruwana da sauran?" Amsa ita ce, ma'aikacin hukuma yana duba zanen gini a kan takarda, ba ya kwana a lungun. Bai san wace tsohuwa ce ɗakinta ke jingine da katangarka ba. Kai ka sani. Doka tana tsayar da mafi ƙarancin abin da ya wajaba, mutunci kuwa ya wuce nan.

Saboda haka abin da ya kamaci mai gini ba shi da wuya. Kafin ya haƙa tushe ya sami mai unguwa da maƙwabta ya nuna musu abin da ya ƙudura. Ya bar hanyar da makara da mota za su wuce. Ya gina lambatu tun kafin ya gina kanti. Ya ɗaga tagoginsa ko ya kange su. Ya sa wa janareta lokaci. In aikinsa ya tsaga bangon wani, ya gyara ba sai an kai ƙara ba. Maƙwabta su ma akwai nasu: su yi magana tun ana awon fili, a tare, da ladabi, kada su bari sai an kai hawa na uku, kada kuma hassada ta sa su ƙi abin da ba ya cutar da su. Rigakafi ya fi magani.

Kai da ka koyi karatu da girmanka, ga inda iliminka zai yi amfani. Kana iya karanta allon da aka kafa a bakin gini, kana iya rubuta wa hukuma takarda a madadin unguwarku, ka ajiye kwafinta. In kuma wata rana Allah ya hore maka kai ne mai ginin, ka tuna ran da wuta ta tashi a benenka da dare, mutanen lungun nan ne za su fara isowa da bokiti, tun motar kashe gobara ba ta taso ba.