Hawan Dutse da Sallar Matafiyi

Mu mutanen Bagudo 'yan fadama ne. Idonmu ya saba da Kogin Kwara da gonakin shinkafa. Wanda duk ke son ganin manyan duwatsu sai ya ƙetare iyaka ta Tsamiya, ya shiga Jamhuriyar Benin, ya nausa yamma har jerin duwatsun Atakora, inda garin Natitingu yake. Ta wannan nahiya fataken da suke ratsawa da jakuna, su yada zango a Zugu, su wuce Gwanja sayen goro.

Shekarun baya na hau ɗaya daga cikinsu tare da wasu samari. Gwiwa ta yi nauyi, numfashi ya yi sama, amma da muka kai ƙololuwa sai ga ƙauyuka a ƙarƙashinmu kamar an zuba tsakuwa a faifai. Nan na tuna Suratul Gashiya, inda Allah Maɗaukakin Sarki ya kira bayinsa su dubi yadda aka kafa duwatsu. To, abin da ya ɓata mini rai shi ne, La'asar ta yi, samarin nan suna ta ɗaukar hoto, wai ba ruwan alwala, sai an sauka. Alhali saukar ba ta ƙarewa kafin faɗuwar rana.

Wannan ba uzuri ba ne. A mazhabar Imamu Malik taimama ta inganta a kan dutse kamar yadda ta inganta a kan turɓaya. Wanda ya rasa ruwa, ya kuma ɗebe tsammanin samunsa cikin lokaci, sai ya bugi dutsen da yake tsaye a kai, ya shafi fuska da hannuwa, ya yi sallarsa.

Batun ƙasaru kuwa yana da sharaɗi. Tafiyar ta kai mil 48, kuma kada mutum ya yi niyyar zaman kwana 4 a inda ya sauka. Sai dai malamanmu sun karhanta ƙasaru ga wanda wasa kawai ya fito da shi. Saboda haka mai hawa ya binciki zuciyarsa tun daga gida: lura da halittar Ubangiji ta fito da shi, ko kuwa shagala? Ni dai a ranar raka'a biyu na yi, biyu daga cikin samarin suka bi ni, sauran suka rama bayan Magariba.