Wace Hujja Ce Za Ta Sa Ka Janye?

Ba na cikin masu cewa a toshe bakin masana idan zance ya zo kan bambancin jinsin mutane. Bambancin yana nan. Suratur Rum ma ta lissafa saɓanin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah, aya kuwa abin dubawa ce. Tambaya ɗaya nake yi wa mai magana: wace hujja ce za ta sa ka janye?

Dubi sikila. Likitocin Amurka sun daɗe suna ɗaukarta ciwon baƙar fata. A 1954 Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya ɗibi jinin yara ya ƙirga ƙwayoyin cuta, ya nuna masu AS, wato masu ɗauke da rabin gadon sikila, sun fi jure zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa gadon ya yawaita inda sauro ya yi katutu. Ashe sauro take bi, ba launi ba: akwai ta a Indiya da gabashin Saudiyya da Girka, alhali ba kasafai ake samunta a tsaunukan Habasha ba. Duk mai shakka yana iya maimaita ƙirgen ya ƙaryata shi. Mu da muke gwajin jini kafin ɗaurin aure ba mu ji an ci mana fuska ba.

Sai James Watson, wanda ya samu lambar Nobel a 1962 kan tsarin DNA. A 2007 ya shaida wa jaridar Sunday Times cewa ba ya ganin haske a makomar Afirka, wai basirarmu ba ta kai ta Turawa ba. Shaidarsa makin jarabawar IQ ne, da ƙorafin masu ɗaukar baƙaƙe aiki. Ƙorafin ubangida fa! Bai nuna ƙwayar gado ko ɗaya ba, shi da ita ce sana'arsa. Ga binciken James Flynn da ya nuna makin yana ƙaruwa da kusan uku duk shekara 10, saurin da makaranta da abinci za su iya jawowa, gado ba zai iya ba. Ga Richard Lewontin tun 1972: kusan kashi 85 cikin 100 na bambancin gado a cikin al'umma ɗaya yake. Duk wannan bai girgiza Watson ba, ya sake faɗa a 2019, cibiyar bincike ta Cold Spring Harbor ta tuɓe masa rawunan girmamawa.

Masu kare shi suna cewa an danne 'yancin bincike. Ni ban ga binciken da aka danne ba. Hukunci ya kawo, shaidun kuwa har yau ba su zo ba.