Wa ke da nauyin tsohon doki?

Jama'a, duk wanda ya bi ta Lekki ya gan su: dawakai ramammu, haƙarƙari a waje, suna tonon bola, motoci na kauce musu. Da yawansu daga Arewa aka kawo su don ɗaukar masu shaƙatawa a bakin teku irin na Elegushi, kuma yaranmu ne ke jan linzami. Da ƙarfi ya ƙare, sai a kwance igiya.

Ana ta shawarar a buɗe asusun ciyar da su. Wasu suka ce haba, marayu na kwana da yunwa a Agege, za a sayi dusa? Wannan magana ba ta yarwa ba ce. Zakka kam ba ta shiga nan, domin kashi takwas ɗin da Suratut Tauba ta lissafa duk mutane ne. Sadaka kuwa ta halatta. Hadisin mutumin da ya shayar da kare kowa ya san shi.

Amma kafin asusu, ai akwai mai doki. A Mukhtasar na Shaihu Khalil, ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita idan babu makiyaya, in ya ƙi a sayar da ita. To ina makiyaya a Ikko? Harawa ma sai an ɗoro ta a mota daga gida. Doki kuma ba rago ba ne balle a ce mahauci zai raba gardama. Wanda ya ci guminsa shekara da shekaru sannan ya sake shi, bashinsa ne ya jibga wa jama'a. In asusu ya karɓi kowane doki kyauta, mun koya wa masu su cewa yasarwa ta fi araha.

A Alƙahira, Dorothy Brooke ta buɗe asibitin tsofaffin dawakan yaƙi a 1934. Ƙungiyar da ta bari tana nan, kuma babban aikinta yau tare da masu dabbobin take yinsa.

Ra'ayinmu, a yi akwati dabam, kada a haɗa da na marayu ko na gyaran masallaci. Masu dawakai su riƙa zubi kullum kamar adashi, tun dokin yana kawo kuɗi, sadakarmu ta cike giɓi. Duk ƙarshen wata a karanta lissafi bayan sallar Juma'a: buhun dusa nawa, kanwa nawa, likitan dabbobi nawa ya karɓa, da sunan duk mai dokin da bai zuba ba.