Gayya Ko Aikin Tilas?

A garinmu Tamawa, can ƙasar Kurfi, kowane magidanci da gonarsa, amma in noma ya fi ƙarfin mutum sai ya kira gayya. A taru a taya shi, ya ba da fura da tuwo, wata rana shi ma ya je ya taya wani. Ba a aika dogari ya kamo kowa. Wannan ne yakan faɗo mini a rai in na ji zancen manhajojin kwamfuta da ake kawo wa ma'aikatu don a haɗa aiki wuri guda, musamman irin jami'a, inda kowane sashe yake cin gashin kansa. Shin, 'yan'uwa, ya halatta a tilasta wa mutane haɗin kai?

Mu ɗauki IPPIS, manhajar biyan albashi ta Gwamnatin Tarayya. A 2019 gwamnati ta ce lalle jami'o'inta, har da ta Dutsin-Ma, su shiga ciki don a kawar da ma'aikatan bogi. Hujja ce mai ƙarfi, domin kuɗin talakawa ne. Ƙungiyar malamai, wato ASUU, ta ce tsarin bai san da malamin da ke zuwa koyarwa daga wata jami'a ba, kuma ya tauye 'yancin jami'o'i. Wannan yana cikin dalilan yajin aikin 2020, tun daga Maris har Disamba. A Disambar 2023 gwamnati ta amince a cire jami'o'i daga ciki.

A ganina ba na'ura malaman suka ƙi ba, tun da su ma sun fito da tasu, UTAS. Mai zuwa gayya ya san rabonsa na nan tafe. To, in sashe ne zai sha wahalar shigar da bayanai, alhali hedkwata kaɗai ke dubawa ta yanke hukunci, ai an miƙa masa fartanya ne a gonar wani. Dubi dandalin WhatsApp na aji. Wa ya ba da umurnin a shiga? Kowa ya shiga ne don in an ɗage lacca ya ji.

Amma fa kada in yi son kai. Akwai mai fakewa da 'yancin sashe don kada a leƙa rumbunsa a ga hatsin da ya salwanta. Irin wannan lallashi ba zai kawo shi ba, don haka a kan kuɗin jama'a da sakamakon jarrabawarmu na yarda a tilasta. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ga wanda ke zaune a Abuja, mai kare 'yancinsa da mai ɓoye ɓarnarsa duk amsa ɗaya suke aiko masa, wato a'a.