Gidan ƙona gawa da bencin masu makoki



Na san akwai wanda zai ga kan wannan magana ya yi a'uziyya ya ninke takardar. A yi haƙuri a karanta zuwa ƙarshe. Tun farko dai a sani, ƙona gawa ba namu ba ne, kuma malamai ba su yi saɓani a kan haramcinsa ba. Mu wanka muke yi wa mamaci, mu sa masa likkafani, mu sallace shi, mu kai shi makwancinsa a ƙasa, kamar yadda hankaka ya nuna wa ɗan Annabi Adamu a ƙissar da ta zo cikin Suratul Ma'ida. Abin da nake so mu duba yau shi ne irin ginin da masu ƙonawa suke yi wa wannan aiki nasu, da tambayar da ginin yake jefo mana: shin gini yana iya rage wa mai makoki raɗaɗi, ko kuwa rufe masa ido kawai yake yi?

Aikin ƙonawar kansa ba ya buƙatar wani wuri mai girma. Tanderu ne na bulo mai jure wuta, zafinsa digiri 800 zuwa 1000, cikin awa ɗaya da rabi ko biyu an gama. Abin da ya rage gutsattsarin ƙashi ne, a niƙa a inji, a zuba a tulu, nauyinsa bai wuce kilo biyu ko uku ba. Ɗaki guda da bututun hayaƙi sun isa. To amma je ka ga abin da suke ginawa a kewaye da wannan ɗaki guda. Duk sauran ginin, zaurukan da lambunan da tafkunan, mamaci ba ya amfana da ko bulo ɗaya a ciki. Na rayayyu ne.

A Sitokholm, babban birnin Suwidin, akwai wata maƙabarta cikin dajin itatuwa wadda masu zanen gini biyu, Gunnar Asplund da Sigurd Lewerentz, suka ci gasar tsara ta a 1915. An buɗe gidan ƙona gawar da ke cikinta a 1940, kuma a 1994 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya. Girman wurin bai dame ni ba, ƙananan abubuwan da suka lura da su ne suka tsaya mini a rai. Daga ƙofa sai ka yi doguwar tafiya a ƙafa kana hawa a hankali kafin ka isa ginin, don kada mutum ya faɗo daga hayaniyar titi kai tsaye cikin jana'iza. Akwai wani tudu da ake hawa don a zauna a yi tunani. Matakalarsa, duk sanda ka ƙara sama sai tsayin takun ya ragu, saboda kada mai hawa ya isa yana haki. Kowane ɗakin bankwana da nasa wurin jira, don kada dangin wannan mamaci su yi karo da dangin wancan, kuma ƙofar da aka shiga ba ita ake fita ba. Sun yi wa daɓen ado, domin sun lura mai baƙin ciki ƙasa yake kallo. Sai kuma benci. Asplund bai yi shi miƙaƙƙe ba, ya ɗan lanƙwasa shi, ta yadda waɗanda suka zauna a kai dole jikinsu ya ɗan karkato ga juna. Shi kansa watanni kaɗan bayan buɗe wurin ya mutu, can aka ajiye shi.

Ku tsaya a kan bencin nan. Mutum ne ya zauna ya tambayi kansa: wanda uwarsa ta mutu shekaranjiya, yaya yake zama, ina yake sa idonsa, me zai hana shi jin shi kaɗai ne? Wannan tambaya ce ta tausayi, ko wane addini mai yin ta yake bi.

Amma akwai mai cewa, kuma maganarsa tana da ƙarfi, duk wannan labule ne. A Balin ta Jamus, a unguwar Treptow, Axel Schultes da Charlotte Frank sun gina wani gidan ƙonawa da aka buɗe a 1999. Zauren tsakiya yana da ginshiƙan kankare 29, haske yana zubowa ta saman kowannensu, ga ɗan tafki a tsakiya. Masu zuwa kallon gini daga ƙasashe suna yaba shi ƙwarai. To ina wutar? Tana ƙarƙashin ƙasa, inda ma'aikata da injuna suke. A Ingila, inda aka fara ƙona gawa a hukumance a garin Woking a 1885, yau kuma kusan takwas cikin kowane goma ƙona su ake yi, yawanci labule ake ja ya rufe akwatin, a sa kiɗa, dangi su fita ta wata ƙofa, domin wasu dangin suna waje suna jiran lokacinsu. Mutum ya rabu da mahaifinsa bai ga inda ya shiga ba. Idan amfanin kyan gini shi ne ya hana ka ganin abin da ake yi, ai ya zama kamar turaren da ake fesawa don a ɓoye wari.

Japan ta bi wata hanya dabam, kuma can ne abin ya fi ba ni tunani. Sama da kashi 99 cikin ɗari na matattunsu ƙona su ake yi, kuma su ma suna da gine-gine masu kyau. Wanda Toyo Ito ya gina a garin Kakamigahara a 2006, rufinsa farin kankare ne mai hawa da sauka kamar gajimare, a bakin wani tafki. Sai dai su ba sa ja labule. Dangi suna raka akwatin har bakin tanderu, su ga an rufe, su koma ɗakin jira su sha shayi. In an gama a kira su, su tsaya kewaye da ƙasusuwan, su riƙa tsinta da dogayen tsinkaye suna sawa a tulu, daga na ƙafa zuwa na kai. Jikinka ya yi yar, ko? Nawa ma haka. Amma ka lura da abin da suka ƙi yarda a ƙwace musu: hannunsu sai ya taɓa, idonsu sai ya gani. Haka mabiya addinin Hindu a bakin kogin Ganga a Baranasi, babban ɗa ne yake sa wutar da hannunsa, a fili, babu bango.

A nan ne nake ganin amsar take. Ginin da ya taimaki mai makoki shi ne wanda ya ba shi tafiyar da zai yi, da aikin da hannunsa zai kama, da mutanen da zai jingina da su, da wurin da zai dawo bayan shekara. Wanda ya karɓe masa waɗannan ya ba shi haske da marmara a madadinsu, ya cuce shi, ko da ya ci kyautar duniya.

Yanzu ku dubi jana'izarmu da wannan ido. Abin da waɗancan suke kashe miliyoyi suna nema da siminti, mu an ba mu shi a cikin ibada. Doguwar tafiya? Ga rakiya daga ƙofar gida zuwa maƙabarta, ana karɓa-karɓar makara, kafaɗa ta gaji wata ta shiga. Benci mai lanƙwasa? Ga sahu, kafaɗa da kafaɗa, ga tabarmar zaman gaisuwa. Aikin hannu? 'Ya'ya da 'yan uwa ne ke shiga kabari su karɓi mamaci, su kwantar da shi ta dama yana fuskantar alƙibla, a jera itace, a kwaɓa ƙasa a toshe, kowa ya zuba da hannunsa. Babu labule, babu abin da aka ɓoye. Shi ya sa ba mu taɓa buƙatar mai zanen gini a maƙabarta ba, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda da yawanmu muka karanta a zaure, ta ƙyamaci gini a kan kabari da shafe shi da farar ƙasa.

To amma wannan a gida ne. Nan kurmi fa? Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mutum ya rasu, a sa shi a mota, mutum biyar su bi, sauran a koma shago domin cunkoson hanya zai cinye yini. Rakiyar ta tafi. A isa maƙabarta, ciyawa ta kai ƙugu, babu hanya tsakanin kaburbura sai an taka na wasu. Damina ta zo, ruwa ya kwanta, mai haƙa ya yi ta kwalfa da bokiti. Dattijo mai ciwon ƙafa ya raka abokin zamansa na shekara arba'in, ba inuwa, ba dutsen da zai ɗosana. Bayan shekara biyu ɗan mamaci ya zo daga Arewa ya ce a nuna masa kabarin babansa, a yi ta kallon-kallo, domin wanda ya sani shi ma ya rasu ko ya koma gida. In ka yi magana sai a ce ai maƙabarta ba wurin ado ba ce. Gaskiya ne. Amma wa ya ce ado? Abin da aka ƙyamata gini ne a kan kabari, don alfahari. Ban ji malamin da ya hana katanga, ko magudanar ruwa, ko rijiya, ko itacen dalbejiya a bakin ƙofa, ko littafin da za a rubuta wane yana layi kaza ba. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana zama a kan kabari, kuma ya kwaɗaitar da ziyara don tuna lahira. Ta yaya za a kiyaye na farko a yi na biyu a wurin da babu hanya? Sau da yawa abin da muke kira zuhudu, kasala ce da son kuɗi suka sa rawani.

Wani zai ce, kai yanzu daga masu ƙona gawa za mu koyi girmama matattu? A'a. Hukunci muna da namu. Amma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa an wuce da gawar Bayahude, Manzon Allah ya miƙe tsaye, da aka faɗa masa ko wane ne sai ya tunatar da su cewa ai rai ne. Cikinmu akwai masu ciniki da Indiyawa a nan Legas, akwai masu zuwa Sin sayo kaya. Ranar da uban abokin cinikinka ya mutu aka ƙona shi, ba a ce ka yarda da abin da suka yi ba, amma hawayensa hawaye ne, kuma tofar da yawu a gabansa ba ya cikin ladabin da aka koya mana.

Akwai dai iyaka da babu ginin da zai tsallake ta, kuma Siri Lanka ta nuna ta. A 2020, lokacin korona, gwamnatin ƙasar ta tilasta ƙona duk wanda cutar ta kashe, har da Musulmi, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce binnewa ba ta da laifi. Har jariri ɗan kwana 20 aka ƙona. Iyalai da dama suka ƙi zuwa karɓar toka, mutane suka riƙa ɗaura fararen ƙyallaye a shingen gidan ƙonawa na Kolombo. Sai a watan Fabrairun 2021 aka janye dokar, a 2024 gwamnati ta nemi afuwa. Da a ce an kai waɗannan iyaye zauren Balin mai ginshiƙai 29, da bai zame musu komai ba sai wurin azaba. Gini yana lallashin wanda ya yarda da abin da ake yi a cikinsa ne kawai.

Abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe. A 2013 Gwamna Babatunde Fashola ya sa hannu a dokar ƙona gawa ta Jihar Legas. Dokar ba ta tilasta wa kowa ba, ga wanda ya zaɓa ne, amma ta buɗe hanyar ƙona gawarwakin da suka daɗe a mutuware babu wanda ya zo nema, saboda ƙarancin fili da cikar ɗakunan ajiya. A 2014 ma mutumin Laberiya da ya shigo da cutar Ebola, Patrick Sawyer, ƙona gawarsa aka yi a garin nan. To ku tambayi kanku, su wane ne suka fi kowa haɗarin mutuwa a wannan gari babu mai nema? Yaron da ya sauko daga tirelar shanu jiya, mai turin baro, mai yankan farce, mai ga-ruwa, ɗan acaɓar da ba katin shaida a aljihunsa, wayarsa kuma ta ɓace a wurin hatsarin. Uwarsa tana can ƙauye tana cewa ya yi shiru ne don bai samu ba. Abokan kwanansa a tasha sun ɗauka ya koma gida.

Wannan aikin ba na gwamnati ba ne, farali ne a kan jama'a: in wasu suka yi ya sauka daga kan kowa, in aka bari kowa ya ɗauki laifi. Littafi ɗaya ake buƙata a masallaci da kowace tasha da kowace kasuwa, a rubuta sunan baƙo da garinsu da lambar wani nasa. Mutum biyu amintattu, da takarda daga fadar Sarkin Hausawa, su riƙa zaga mutuwaren asibitoci ko sau ɗaya a wata. A ware wani abu daga kuɗin da ake tarawa ran Juma'a don likkafani da mota da mai haƙa. Ranar Lahadi mai zuwa kuma, da yake kasuwa ba ta ci sosai, matasa ashirin da adduna da shebur za su iya fitar da hanya guda daga ƙofar maƙabarta zuwa ƙarshenta kafin azahar. Wanda yake da ragowar bulo daga gininsa ya kawo, a jera wa dattawa wurin zama daga wajen kaburbura, a gindin katanga inda inuwa take faɗawa da la'asar.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, na gida da waɗanda ƙasar kurmi ta rufe.